Rabin da Inna Rabi Ta Roƙa

Damanar bana ta cika shekara biyar da aka kai Inna Rabi makwancinta a Bilbis. Gero ya fara fid da kai a lokacin, kamar yadda ya fara yanzu. Ni ba mai ilimi ba ce, a aji biyar na firamare na tsaya, don haka masu karatu su yi mini haƙuri in maganar ta karkace. Amma abin ya daɗe a raina, ga shi kuma cikin da nake ɗauke da shi ya tsufa, mai tsohon ciki kuwa ba ta rasa tunani. Na ce bari in faɗa, ko wani mai tsohuwa a gida zai ji.

Inna Rabi yayar mahaifiyata ce, kuma ungozoma ce. A Bilbis da ƙauyukan da ke kewaye, in mace ta fara naƙuda ita ake aika wa, har daga wajen Magami an sha zuwa ɗaukarta. Mu in mace tana haihuwa sai mu ce tana kan gwiwa, amma mun manta cewa a ɗakin nan mata biyu ne a kan gwiwa: mai haihuwar, da wadda ta durƙusa a gabanta tana jiran ta tari abin da Allah Ya kawo. Mai haihuwa takan durƙusa rana ɗaya ta huta har sai ta yaye. Inna ba ta da hutu. A durƙushe take tarar yaro, a durƙushe take yanke cibi, a durƙushe take haƙa ramin da za ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Fatar gwiwoyinta ta yi baƙi, ta yi kanta kamar ta raƙumi. Ita ta tare ni ranar da na zo duniya, ita kuma ta tari ɗana na fari.

Bayan aikin nan, abin da na fi tunawa da ita shi ne sujada. In ta sa goshi a ƙasa takan daɗe, har mu yara mu fara leƙenta ko barci ne ya ɗauke ta. In ta ɗago takan ce a nan kaɗai take samun wanda za ta gaya wa komai ba kunya. Dariya muke yi a lokacin. Sai yanzu na gane.

Gwiwar hagu ce ta fara, wadda ake zama a kanta wajen tahiya. Da farko da sanyin safiya ne kawai, in ta ɗan taka sai ta sake. Daga baya in za ta miƙe sai ka ji ƙurus-ƙurus kamar ana niƙa tsakuwa. Aka ce sanyin ƙashi ne. Wanzami ya yi mata ƙaho, aka shafa man kaɗe da citta, aka kai ta wurin maɗori, ya lalube ya ce shi bai ga karaya ba balle ya ɗora. Ƙafar ta fara lanƙwashewa waje kamar baka. Duk da haka in an zo kiranta sai ta ɗaure gwiwar da tsumma ta hau bayan babur. Na sha ganin ta gama aiki ta kasa tashi, sai mai jegon da ta sauka yanzun nan ce ke miƙa mata hannu.

Inna tana da ɗa, Yaya Mudi, mai fataucin shanu a kasuwar Tsafe, wanda Allah Ya buɗa wa har ya sauke farali. Ba marowaci ba ne. Ina so a riƙe wannan tun yanzu, kada wani ya karanta ya zage shi. Amma shi ne ɗanta na fari, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Tsafe. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami "yaron can" ne, da ya girma ya zama "mai shanu", da ya sayi mota ya koma "mai mota". In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake tsugunawa, kai a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice, sai ta shiga tambayar wanda ya rako shi labarin damana. In tana son abu a wurinsa ba ta faɗa. In ya kawo mata atamfa biyu takan mayar da ɗaya, wai sun yi mata yawa. Haka suka saba, kuma duk dangi ana yabon su da kunya.

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, likitoci suka ƙaru a Gusau, aka ce akwai wani na ƙashi da ya yi karatu a waje. Yaya Mudi ya ɗauko Inna a mota suka sauka gidana a Tudun Wada, ni kuma na goya ɗana na raka su. Aka ɗauki hoton gwiwar. Da muka shiga wurin likita mu uku, ya ce Inna ta hau gado ta yaye zane zuwa cinya. Kafin ya rufe baki Yaya Mudi ya miƙe ya fice. Wane ɗa ne zai tsaya kallon cinyar uwarsa? Ba wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Sai dai duk bayanin da ya kamata ya shiga kunnensa, a bayan idonsa aka yi shi.

Likitan ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa irin ta kasuwa, kuma yana da haƙuri. Ya matsa nan ya matsa can, ya ja ƙafar gaba ya tura ta baya, sannan ya ɗaga hoton wajen taga. Ya ce mu ɗauka gwiwa gida ce mai ɗaki uku: ɗaya ta ciki, wajen da gwiwoyi biyu ke gogar juna, ɗaya ta waje, ɗaya kuma a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Kowane ɗaki da daɓensa, wato guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Na Inna, daɓen ɗakin ciki ne ya cinye. Sauran biyun lafiyarsu ƙalau, jijiyoyin da ke riƙe da gidan ma ba su saki ba.

Ya ce aiki iri biyu ne, kuma ba a yin ko ɗaya a nan, sai an fita da ita, kamar Masar. Na farko, a kankare ɗakin da ya lalace shi kaɗai, a sa masa ƙarfe da roba, a bar sauran yadda Allah Ya yi su. Yankan ƙarami ne, jinin da za a zubar kaɗan, mutum yakan tashi da wuri, kuma gwiwar takan lanƙwasu kusan yadda ta saba tunda jijiyoyinta na nan. Aibinsa, in sauran ɗakunan suka lalace nan gaba, ko ƙarfen ya saki, sai an sake komawa ƙarƙashin wuƙa. Kuma ba kowa ake yi wa shi ba, sai wanda ciwonsa bai wuce ɗaki ɗaya ba. Na biyu, a sake daɓen gidan gaba ɗaya. Shi ya fi ƙarko, ba a cika komawa ba, ciwo yakan tafi, mutum ya yi tafiyarsa. Amma jinyarsa ta fi tsawo, kuma gwiwar ba ta cika yarda a naɗe ta a zauna a kanta ba.

Inna ta yi daɓe da hannunta ya fi a ƙirga, don haka ba ta buƙaci a maimaita mata ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai a wanne ne za ta durƙusa. Likita ya ce shi ba ya alkawarin abin da ke hannun Allah, amma in durƙuso take nema, na farkon ne ke da hanya. Ta ce ai magana ta ƙare, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a rushe gida don ɗaki guda. Ta sauke zanenta, aka kira Yaya Mudi.

Yana shigowa Inna ta juya wajen bango kamar yadda ta saba. Marasa lafiya sun yi dogon layi a waje, likita ya gaji, sai ya dunƙule masa maganar da irin Hausarsa.

"Alhaji, aiki biyu ne. Akwai rabi, akwai duka. Mama ta ce rabi take so."

Na ga fuskar Yaya Mudi ta sauya, amma ban gane dalili ba sai a mota. Likita aikin rabi yake nufi, shi kuwa rabin aiki ya ji. Ya kuma ji cewa zaɓin matar nan ne da in ya kawo mata atamfa biyu take mayar da ɗaya. A wurinsa abin a fili yake: tsohuwa ta ji ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ta ɗauki mai sauƙin don kada ta ɗora masa. Kara take yi masa. Yana tuƙi yana ce mini in dai yana numfashi ba za a yi wa uwarsa rabin aiki ba, don a Tsafe ko saniya ba a yi wa rabin fiɗa. Duka za a yi, daga Masar kuma ya wuce da ita Umra ta yi ɗawafi da sabuwar ƙafa.

Inna tana baya kusa da ni tana wasa da yatsun ɗana. Ta yi magana a hankali, da ni take amma don ya ji.

"Ni tun ran suna Rabi anka raɗa min, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Da ta ƙara 'yar magana a kai, da ta ce durƙuso nake so, da yau wani labarin nake ba ku. Amma wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa jin ta yi a gabansa, kuma a raha ta ƙare.

Ni dai na yi iya yina. Na same shi a zaure na durƙusa, na zayyana masa ɗaki uku da daɓensu kamar yadda na ji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ni yarinya ce, shi ya san ta tun ba a haife ni ba, kuma da jin maganar ɗaki da daɓe ya san daga bakinta ta fito, don likita ba ya daɓe. Aka aika Bungudu aka kira Kawu Garba, ƙanen Inna, don shi take iya buɗe wa ciki. Na sake zayyana masa, a cikin duk bayanin abu ɗaya ya kama, wato rabin yana iya sa a koma. Ya ce ko ragon layya sau guda ake yanka shi, balle tsohuwa. Kuma in za a faɗi gaskiya, a nan bai yi ƙarya ba, likita da kansa ya faɗi haka. Ya shiga wurin Inna suka daɗe, ta gaya masa komai. Da ya fito wurin Yaya Mudi abin da ya ce shi ne, ta ce rabi, amma ka san halinta. Duk wanda aka aika bayansa, da wannan jelar yake isar da saƙon. Ka san halinta. Saƙo yakan bar ɗakin Inna da ransa, kafin ya kai zaure ya mutu.

To haka aka zauna. Ita ba za ta je a yi mata duka ba, shi ba zai kai ta a yi mata rabi ba. Ba faɗa, ba ɗaga murya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gaji da kawaici. Yakan aiko mata da nama da man zafi, ita kuma ta aika wa 'ya'yansa da ƙuli-ƙuli. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Inna da ta yanke cibin rabin mutanen Bilbis, ranar nata wankan sai ta ɓoye nata.

Yanzu wayar hannu ta shigo, Yaya Mudi yana da ita, maigidana ma ya saya. In na ga mutum ya kanga ta a kunne yana magana da wanda ba ya gani, sai in ce da ta zo da wuri, wataƙila da Inna ta gaya masa komai, tunda babu ido balle a sunkuyar da kai. Wani lokaci kuma sai in ga yaudarar kaina nake yi. Da an miƙa mata, da ta riƙe ta nesa da kunne ta ce mini, Dije, gaya ma abin ga shi gaya ma mai mota. Kunyar ba a ido take zaune ba.

Damana ta wuce, rani ya wuce, wata damanar ta shigo. Inna ba ta fasa zuwa haihuwa ba, don naƙuda ba ta jiran a gama shawara. Ciwon da take nuna wa da yatsa ɗaya ya koma sai ta dafa gwiwar da tafin hannu duka. Rannan a wani ƙauye ta durƙusa ta tari tagwaye, ta gama komai, tashi ya gagara, sai da mata biyu suka ɗaga ta kamar buhun dawa. Da labari ya kai Tsafe, Yaya Mudi ya sake kawo ta Gusau. A lokacin ina ɗauke da cikina na biyu.

Aka sake ɗaukar hoto. Likita ya duba gwiwar, Yaya Mudi yana waje kamar wancan karon, amma da za a yi bayani sai ya ce a kira Alhaji ya zauna. Ya jera tsohon hoto da sabo a jikin taga. Ko ni da ban yi karatu ba na ga bambanci, inda da akwai ɗan fili tsakanin ƙashi da ƙashi yanzu sun haɗe baki. Ya ce daɓen ɗaki na biyu ya cinye, na ƙarƙashin ƙoƙo ma ya fara, jijiya ɗaya kuma ta saki. Saura duka. Yaya Mudi ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala, ya ce ai dama abin da yake ta faɗa ke nan.

Inna tana fuskantar bango. Ba ta raɗa mini ba, ba ta rage murya ba.

"Likita, in anka yi dukan, ina durƙusawa?"

"Mama, za ki yi tafiya, ciwo zai tafi. Salla a kujera. Durƙuso irin naki, ban ce ba."

"To goshina fa?"

Likita ya mayar da ido kan hoton. Ni Yaya Mudi nake kallo. Ya zuba wa bayan uwarsa ido kamar bai taɓa ganinsa ba. Abin da na gaya masa a zaure, abin da Kawu Garba ya kawo masa da jela, yau ya ji shi daga bakin mai shi, ba kuma shi take gaya wa ba balle ya ce kara ce. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"To likita, a yi mata rabin."

"Alhaji, rabin ya wuce. Bara ne yake nan."

Muka shiga mota, muka bar Gusau muka kama hanyar Tsafe. Ina ganin ƙeyarsa, ina ganin yadda ya damƙe sitiyari. Can sai Inna ta gyara zaman ƙafarta.

"Dije, gaya ma mai motar ga, ba laifinai ba ne."

Tsakaninsa da ita bai fi kamu ɗaya ba. Amma sai ya ce, "Dije, ce mata na ji."

A nan kuma zan faɗi abin da ba daɗi, ko da yake ba a ƙarar mamaci. A ganina Inna ma ta yi kuskure. Likita ya lallashe ta, ya ce dukan ba abin ƙi ba ne, shi ne daidai da gwiwarta a yanzu, kuma in aka bari ƙafar za ta ci gaba da karkacewa. Limamin unguwarsu ya zo har gida ya ce sallar zaune ga marar lafiya cikakkiya ce. Yaya Mudi, da ya daina gardama, ya koma roƙo ta bakin duk wanda ya samu. Ta ce duk ta sani, amma in ba za ta durƙusa ba a bar ta da ƙashin da Allah Ya ba ta. Mukan ce gwiwar mutum ta yi sanyi in ya fid da rai. Ta Inna sanyi biyu ta yi, kuma na biyun ba shi da likita.

Akwai wata Hajiya a layinmu nan Tudun Wada da 'ya'yanta suka fita da ita shekaran bara aka yi mata duka. Ta sha jinya, muna jin kukanta in ana lanƙwasa mata ƙafar, amma yau da ƙafarta take zuwa biki da suna, ko sanda ba ta riƙewa. In lokacin salla ya yi sai a jawo mata farar kujerar roba. Duk sanda na gan ta sai in ce da Inna ta ga wannan, me za ta ce? Na san za ta yi mata barka da zuciya ɗaya. Na kuma san in mun fito za ta ce mini, ai ita Hajiya ba ta tarar 'ya'yan mutane. Aikin ba shi da laifi, rabin ma ba shi da laifi. Kowanne da gwiwar da ta dace da shi, da kuma lokacinsa. Mu namu lokacin a kawaici muka cinye shi.

Da watan haihuwar wancan cikin ya kama na tafi Bilbis, don na rantse ba wadda za ta taɓa ni sai Inna. Naƙuda ta zo da hantsi. Aka tallafo ta, aka kifa turmi a bakin ƙofar ɗakin aka zaunar da ita, ƙafar hagu a miƙe kamar itace. Mahaifiyata da wata maƙwabciya su suka durƙusa. Inna da baki ta yi aikin, ta ce a dafa nan, ta ce a saki can, ta ce mini in daina ɓata ƙarfina a kuka. Ina cikin azaba amma idona na kanta. Lokacin da yarinyar ta faɗo na ga hannuwan Inna biyu sun miƙe da kansu, sun tari iska. Maƙwabciya ta yanke cibi, aka goge jaririyar aka miƙa mata. Ta duba cibin ta ce an bar shi da tsawo, ta yi dariya, sannan ta ja gefen mayafi ta share fuska. Ranar suna aka sa wa yarinyar Rabi'atu.

Haihuwar da ta halarta ta ƙarshe ke nan. Babur ya daina tsayawa a ƙofar gidanta. Durƙuson da ta ƙi aiki dominsa ya tafi da kansa, ya kuma tafi da tafiyar. Salla ta koma yi a zaune, ƙafa a miƙe, tana sunkuyar da kai, goshi bai kai ƙasa ba. Abin da ta gudu a kujera shi ta tarar a tabarma, ga ciwo a kai. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura, da damana ta kama zazzaɓi ya shigo bai fita ba. Ba wanda ya ce gwiwa ce ta kashe ta, kwana ne ya ƙare. Amma ni na ga inda ta fara mutuwa, a kan turmin nan ne. Yaya Mudi yakan zo duk ranar kasuwa ya tsuguna a bakin ƙofa. Can wajen ƙarshe ta daina juya masa baya. Sunan dai ba ta kira ba har ta cika.

Shekara biyar, me ya saura? 'Ya'yan da ta tara sun cika gari, wasu sun zama iyaye, yawancinsu ba su san hannun wa suka fara faɗowa ba. A ɗakinta akwai wurin da daɓe ya ɗan lotsa, gurbin gwiwa biyu, inda take salla. In na je nakan sa tafin hannuna a ciki. Bara aka shafe ɗakin da siminti don wani yaron gidan zai yi aure. In ka tsaya a bakin hanya ranar kasuwa za ka ga tsofaffin mata suna tafe ƙafa kamar baka, kowacce da tsumma a gwiwa, ba wadda ta taɓa jin akwai rabi ko duka, kuma har yau ban ji an ce ana yin aikin a nan kusa ba. Gwiwar mahaifiyata ta fara wannan ƙurus-ƙurus ɗin. In na ji sai in tuna Inna, don ita ma ɗanta na fari namiji ne.

Abu ɗaya ne nake ganin ya saura da rai. In na kai Rabi'atu Tsafe, Yaya Mudi ba ya iya kiran sunanta, tunda sunan uwarsa ne, sai ya ce Uwata. Ita kuwa ba ruwanta, da gudu take zuwa ta faɗa jikinsa ta ce Baba Mudi, gatsal, a gaban kowa. Yakan riƙe ta, daga nan sai ya tuna yana da abin yi a zaure.

Allah Ya jiƙan Inna Rabi, Ya ba ta inda za ta sa goshi ta daɗe ba ciwo.

Ni kuma ga ni, haihuwa ta matso, ba Inna, kuma ina da nawa ɗan farin. Jiya ya dawo daga makaranta, na ce yau kam zan kira shi da sunansa, in zaunar da shi in ce, ranar da na tsufa, in na ce maka rabi, to rabi nake nufi, kada ka ji ta bakin kowa. Na buɗe baki. Ya tsaya da jakarsa a kafaɗa yana jira. Abin da na ji ya fito shi ne, kai yaron nan, ɗauko min buta.

Kun kuma gani da idonku, har na kawo ƙarshen rubutun nan ban sa sunansa ba.